Ɗan hakin da ka raina: Shin jam'iyyar AfD za ta iya karɓar mulkin Jamus?

A zaɓen Jamus na ranar 23 ga Fabrairu 2025, mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka fito kaɗa ƙuri'a jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ya zaɓa. Ta tashi da kashi 20.8 cikin 100 da kujeru 152 daga cikin 630 na majalisar tarayya ta Bundestag, ta zo ta biyu a ƙasar, ta sha gaban SPD, jam'iyyar shugaban gwamnati na lokacin Olaf Scholz, wadda ta haura shekara 150 ana damawa da ita. Shekara 12 kacal kafin nan, ko kujera ɗaya AfD ba ta da ita, manyan 'yan siyasa kuma kallon taron tsintsiya ba shara suke yi mata.

Tun daga ranar nake jin fassara iri biyu a bakin mutanenmu da ke bin labaran Turai. Wasu na cewa shi ke nan, Hitila ya dawo. Wasu kuma na cewa kashi 20 ba mulki ba ne, tunda sauran jam'iyyu sun rantse ba za su haɗa gwamnati da ita ba, a kwantar da hankali. Dukansu biyu sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Abin tambaya shi ne: ta wace ƙofa jam'iyyar da ta taso daga gefe take shiga cikin gida, wa ke buɗe mata, kuma me take iya yi tun ba ta hau kujera ba?

Wace irin siyasa ce wannan?

Turawa na kiran ta fofulizim. In aka fassara ta da "siyasar talakawa", Bahaushe zai tuna Malam Aminu Kano da NEPU, ya ce to mene ne aibu? Akwai kama, domin NEPU ma tun kafuwarta a 1950 ta raba al'umma gida biyu, talakawa da masu danne su. Amma akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Gwagwarmayar su Malam Aminu da Gambo Sawaba ta faɗaɗa da'irar masu haƙƙi ce, a shigo da manomi da mace da wanda ba ɗan kowa ba. Irin siyasar da muke magana a kai tsuke da'irar take yi. Tana cewa mu kaɗai ne al'umma ta gaskiya, duk wanda ya saɓa mana, ɗan jarida ne ko alƙali ko ɗan adawa, maci amana ne. Wanda kuma kakansa baƙo ne, ko yana riƙe da fasfo, ba cikakken ɗan ƙasa ba ne.

Sukar masu mulki ba laifi ba ne, neman a rage kwararar baƙi ma ra'ayi ne da doka ta yarda a yi. Inda ake tsallake iyaka shi ne a ce darajar ɗan ƙasa ta dogara da jininsa ko addininsa. Sashen farko na kundin tsarin mulkin Jamus na 1949 ya ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, kuma a kan wannan ma'auni ne hukumar leƙen asirin cikin gida ta ƙasar ta ayyana AfD a matsayin mai tsattsauran ra'ayin dama ranar 2 ga Mayu 2025. Jam'iyyar ta garzaya kotu, ta ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, hukumar kuma ta jingine amfani da lakabin har alƙalai su duba.

Jam'iyyar farfesoshi da ta yi ta sauya fata

Mutane da yawa ba su san cewa ba don baƙi aka kafa AfD ba. A 2013 wani farfesan tattalin arziki a Jami'ar Hambog, Bernd Lucke, da wasu tsofaffin 'yan CDU, babbar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, irin su Alexander Gauland suka kafa ta don adawa da zuba kuɗin Jamusawa wajen ceto Girka da kuɗin Yuro. Shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel ta CDU, ta sha cewa babu wani zaɓi sai ceton, su kuma suka sa wa jam'iyyarsu suna "Zaɓi ga Jamus". A zaɓen shekarar ta samu kashi 4.7, ta gaza kai wa kashi 5 da doka ta gindaya kafin a shiga majalisa.

A tsakiyar 2015 har an fara yi mata ta'aziyya. Rikici ya raba ta, Frauke Petry ta kayar da Lucke, ya tattara nasa ya fita. Sai ga shekarar ta zo da 'yan gudun hijira kusan 890,000, akasarinsu daga Siriya da Iraƙi da Afganistan, Merkel ta ce "za mu iya". Daga baya Gauland da bakinsa ya kira wannan rikici kyauta ga jam'iyyarsa. Cin zarafin mata da aka yi a birnin Kolon daren shiga 2016 ya ƙara wa wutar fetur. A Maris 2016 AfD ta ci kashi 24.3 a jihar Saksoni-Anhalt, a 2017 ta shiga Bundestag da kashi 12.6 da kujeru 94.

Akwai wani abu da ya yi ta maimaituwa wanda ya fi alƙaluman nan muhimmanci a wurina. Lucke ya fita yana cewa jam'iyyar ta yi nisa cikin tsattsauran ra'ayi. Petry da ta kore shi ita ma ta fice washegarin zaɓen 2017 da irin wannan ƙorafi. Jörg Meuthen da ya daɗe yana shugabanci ya bi sahunsu a Janairun 2022. Duk wanda ya hau bisa taimakon masu zafin kai da niyyar zai yi musu linzami daga baya, su suka ci shi. Wanda bai taɓa motsawa daga inda yake ba shi ne Björn Höcke, tsohon malamin tarihi kuma jagoran jam'iyyar a jihar Turingiya, mutumin da ya kira dandalin tunawa da kisan Yahudawa da ke Balin abin kunya a 2017, kuma kotu ta ci shi tarar Yuro 13,000 a Mayun 2024 saboda amfani da taken dakarun Nazi a gangami.

Kalmar da ta fi nuna wannan tafiya ita ce "remigration", wato mayar da baƙi inda suka fito. A Janairun 2024 kafar bincike ta Correctiv ta fallasa wani taro da aka yi a Potsdam, inda wasu 'yan AfD suka saurari ɗan gwagwarmayar Ostiriya Martin Sellner yana bayani a kan haka. Dubban ɗaruruwan Jamusawa suka cika tituna cikin sanyi suna zanga-zanga, jam'iyyar ta yi ta nesanta kanta da taron. Shekara guda bayan nan, a babban taronsu na Riesa, Alice Weidel, 'yar takararsu ta shugabar gwamnati, ta furta kalmar a kan mumbari ana tafi. Jam'iyyar na cewa marasa izinin zama da masu laifi take nufi. Masu sukarta na nuni da kalaman wasu jiga-jiganta da suka haɗa har da masu takardar zama 'yan ƙasa.

Ruwa ba ya tsami banza

Sama da mutum miliyan 10 suka zaɓi AfD a 2025. Duk mai cewa dukansu 'yan Nazi ne ya huta da tunani ne kawai, bai fahimci komai ba.

Dubi taswirar zaɓen. Jihohi biyar na tsohuwar Jamus ta Gabas duk AfD ce ta zo ta ɗaya a cikinsu, alhali nan ne baƙi suka fi ƙaranci. Bayan haɗewar ƙasar a 1990, an sayar da masana'antun gwamnatin kwaminisanci ko an rufe su cikin 'yan shekaru, miliyoyin guraben aiki suka salwanta. Fiye da mutum miliyan ɗaya, galibi matasa kuma da yawansu mata, suka yi ƙaura zuwa yamma. Aka bar garuruwa da tsofaffi, makaranta ta rufe, likita ya yi ritaya ba magaji, motar haya sai sau biyu ko uku a wuni. Manyan muƙamai a kotuna da jami'o'i da kamfanoni kuwa mutanen yamma suka zo suka riƙe. Mutumin da ya ga haka, in aka ce masa ƙasa na da kuɗin karɓar baƙi kusan dubu ɗari tara, abin da zai fara tambaya shi ne ina kuɗin suke lokacin da garinsa ke mutuwa.

Sai kuma abin da ya biyo bayan 2022. Yaƙin Yukren ya yanke iskar gas mai arha daga Rasha, kuɗin wuta da ɗumama ɗaki suka yi tashin gwauron zabo, tattalin arzikin ƙasar ya ja baya a 2023 da 2024. Gwamnatin haɗaka ta Olaf Scholz ta shafe shekara uku tana cacar baki a bainar jama'a har ta ruguje a Nuwamban 2024. A kan wannan aka samu hare-haren da suka girgiza mutane: na wuƙa a Solingen a Agustan 2024 inda mutum uku suka mutu, da na Aschaffenburg a Janairun 2025 inda wani ɗan Afganistan da ya kamata a ce ya bar ƙasar ya kashe yaro ɗan shekara biyu da wani magidanci. Tsoron da mutane suka ji gaskiya ne, gazawar hukuma a waɗannan lamura ma gaskiya ce. Abin da AfD ta ƙware a kai shi ne ɗaukar laifin mutum ɗaya ta shafa wa miliyoyi. Kuma ba a gabas kaɗai abin ya tsaya ba: a Gelsenkirchen, tsohon garin masu haƙar kwal a yamma da SPD ta daɗe tana ɗauka gidanta ne, AfD ce ta fi yawan ƙuri'un jam'iyya a 2025.

Katangar hana gobara, da ranar da ta tsage

A tsarin Jamus da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye ita kaɗai, sai an yi haɗaka. Saboda haka makomar AfD ba a hannun masu zaɓenta kaɗai take ba, tana hannun CDU. Alƙawarin da sauran jam'iyyu suka yi na ƙin haɗa kai da ita shi Jamusawa ke kira Brandmauer, katangar da ake ginawa tsakanin gidaje don kada gobara ta tsallaka.

Ranar 5 ga Fabrairu 2020, a majalisar jihar Turingiya da ke Erfurt, aka ga yadda katangar ke iya tsagewa. Ana zaɓen firimiyan jiha, an kai zagaye na uku. Bodo Ramelow na jam'iyyar masu ra'ayin hagu yana neman komawa. AfD ta tsayar da nata ɗan takara, sai dai da aka ƙirga ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba. 'Yan majalisarta sun zuba ƙuri'unsu gaba ɗaya ga Thomas Kemmerich na FDP, jam'iyyar da kujeru biyar kacal gare ta cikin 90. Ya samu 45, Ramelow 44. Kemmerich ya karɓa, aka rantsar da shi, Höcke ya zo ya miƙa masa hannu. Shugabar 'yan hagu ta jihar, Susanne Hennig-Wellsow, ta taho da furannin da aka tanada don taya murna, ta jefar da su a gaban ƙafafunsa ta juya. Merkel tana ziyara a Afirka ta Kudu ta ce abin da ya faru ba abin yafewa ba ne. Cikin kwana uku Kemmerich ya sauka, shugabar CDU ta ƙasa Annegret Kramp-Karrenbauer ma ta sanar da cewa za ta ajiye muƙaminta.

Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Janairu 2025, shugaban CDU Friedrich Merz ya gabatar da ƙudirin tsaurara dokar shige da fice a Bundestag, yana sane cewa ba zai wuce ba sai da ƙuri'un AfD. Ya wuce da ɗan ƙaramin rinjaye, 'yan AfD suka yi ta runguma da ɗaukar hoto. A wannan karon ba wanda ya sauka. Merz ya ce abu mai kyau ba ya zama marar kyau don mutanen banza sun goyi bayansa, ya kuma nanata cewa ba zai kafa gwamnati da su ba. Ranar 6 ga Mayu ya zama shugaban gwamnati da haɗin gwiwar SPD. Katangar tana nan tsaye, amma wanda ya kwatanta 2020 da 2025 ya san ba kaurinta ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ikon da ake samu tun ba a hau kujera ba

Nan ne masu cewa a kwantar da hankali suka yi kuskure. Ranar 1 ga Satumba 2024 AfD ta zo ta ɗaya a Turingiya da kashi 32.8, ta samu kujeru 32 cikin 88. Ba ta kafa gwamnati ba, amma ta haura kashi ɗaya cikin uku, kuma duk abin da ke buƙatar kashi biyu cikin uku, kamar gyaran tsarin mulkin jiha, rushe majalisa, ko zaɓen alƙalan kotun tsarin mulki, ba ya yiwuwa sai da yardarta. A 2025 ta yi amfani da wannan dama ta toshe zaɓen 'yan kwamitin da ke tantance sababbin alƙalai, a jihar da alƙalan da aka ɗauka bayan 1990 ke shirin ritaya rututu.

Zaman farko na majalisar, ranar 26 ga Satumba 2024, ya nuna salon. Bisa al'adar majalisar a lokacin, ɗan majalisa mafi tsufa ke jagorantar zaman har a zaɓi kakaki, aikin 'yan mintoci. Mafi tsufan ɗan AfD ne, Jürgen Treutler. Ya ƙi bari a kaɗa ƙuri'a kan buƙatun sauran jam'iyyu, ya yi ta katse masu magana, aka ɗage zama sau da dama, aka shafe sa'o'i ana hayaniya har aka watse ba a zaɓi kowa ba. Sai da kotun tsarin mulkin jihar ta ba da umarni sannan majalisa ta iya fara aiki bayan kwana biyu. Kujera ce ta wucin gadi wadda ba wanda ya taɓa ɗaukar ta da muhimmanci. 'Yan majalisar tarayya sun karanta darasin: a Disamban 2024 suka shigar da ƙa'idojin Kotun Tsarin Mulki ta Karlsruhe, alƙalai 16 da wa'adin shekara 12, cikin kundin tsarin mulki, don kada wata gwamnati ta sauya su da ƙaramin rinjaye kamar yadda aka yi wa kotuna a Hangari da Folan.

Hanya ta biyu ta fi wannan shiru. Jam'iyyar da ke cinye maka ƙuri'u tana sa ka ari bakinta. Tun Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa. A 2025 sabuwar gwamnati ta ba da umarnin mayar da masu neman mafaka daga bakin iyaka, ta dakatar da kawo iyali na shekara biyu ga wani rukunin 'yan gudun hijira, ta soke damar zama ɗan ƙasa cikin shekara uku. Masu goyon bayan matakan na cewa in ba a saurari kukan jama'a ba AfD za ta ƙara ƙiba. Amma bayan duk wannan, ƙuri'un jin ra'ayi na 2025 sun nuna ta kai kusan kashi 25, kafaɗa da kafaɗa da CDU.

Inuwar 1933

Ba a maganar nan a Jamus ba tare da tuna baya ba. A 1928 jam'iyyar Nazi kashi 2.6 ta samu. Tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, a 1930 ta koma kashi 18.3, a Yulin 1932 kashi 37.3. Ba ta taɓa samun rinjaye a zaɓe na 'yanci ba, hasali ma a Nuwamban 1932 ta sauko zuwa kashi 33.1. Masu ra'ayin riƙau irin su Franz von Papen ne suka lallashi Shugaba Hindenburg ya naɗa Hitila ranar 30 ga Janairu 1933, bisa lissafin cewa 'yan Nazi uku ne kawai a majalisar ministoci, za a riƙe akalarsu. Aka ba kura ajiyar nama. Kafin ƙarshen Maris an ƙona ginin majalisa, an dakatar da 'yancin jama'a, an miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi bambancin. A 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6, 'yan Nazi na da dakaru dubban ɗaruruwa da ke dukan mutane a titi, sojoji da alƙalai da yawa kuma ba sa ƙaunar jamhuriyar. AfD ba ta da rundunar 'yan daba, Jamus ta yau na da kotuna masu ƙarfi da kundin da aka rubuta musamman don kada a maimaita. Wanda ya ce Weidel Hitila ce ya sauƙaƙa mata aiki, don za ta nuna wa magoya bayanta cewa ga shi ana yi musu ƙazafi. Abin da ya rage daga 1933 wanda har yau bai tsufa ba shi ne lissafin Papen.

Maƙwabta ma sun nuna abin ba fuska ɗaya gare shi ba. Jam'iyyar Giorgia Meloni a Italiya ta tashi daga kashi 2 a 2013 zuwa 26 a 2022. Da ta hau sai ta goyi bayan Yukren, ta zauna lafiya da Tarayyar Turai, har ta amince da bizar ma'aikata baƙi kusan 450,000 cikin shekara uku. A Holan jam'iyyar Geert Wilders ta zo ta ɗaya a 2023, ta shiga gwamnati, shi da kansa ya rusa ta kafin ta cika shekara, kujerunsa suka ragu daga 37 zuwa 26. Masu cewa a bar AfD ta ɗanɗana mulki ta kunyata da waɗannan suke kafa hujja. Raunin hujjar a ganina shi ne tarihin jam'iyyar kanta: kowane sauyin shugabanci zafi ya ƙara mata, har Marine Le Pen ta Faransa ta raba gari da ita a majalisar Turai a 2024.

A haramta ta ko a bar ta?

Sashe na 21 na kundin tsarin mulki ya ba Kotun Karlsruhe ikon haramta jam'iyyar da ke neman rusa tsarin dimokuraɗiyya. Sau biyu aka taɓa yi, a 1952 da 1956. An nemi haramta NPD ta 'yan Nazi sabon tashi, amma a 2017 kotu ta ce ko da yake manufarta ta saɓa wa tsarin mulki, ta yi ƙanƙantar da ba za ta iya komai ba. Ga tsaka mai wuya: ƙarama ba a haramta ta don ba ta da haɗari, babba kuma ana tsoron taɓa ta don mutum miliyan 10 na bayanta.

SPD ta amince a taronta na Yunin 2025 a fara shirin shigar da ƙara. Merz da akasarin CDU na ɗari-ɗari, suna cewa shari'ar za ta ɗauki shekaru, in aka faɗi kuma an wanke AfD tas. Magoya bayan jam'iyyar na tambaya: wace irin dimokuraɗiyya ce za ta rufe babbar jam'iyyar adawa? Mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya ɗauki wannan layi a Munik a Fabrairun 2025, Elon Musk kuma ya fito fili ya yi mata kamfe. Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ko an rufe ofis an ƙwace tuta, garin da likitansa ya tafi yana nan, mutanensa kuma za su sake zaɓe.

Wa abin zai taɓa?

Na farko Musulmin Jamus, kimanin miliyan biyar da rabi. Kundin manufofin AfD na 2016 ya rubuta ƙarara cewa Musulunci ba na Jamus ba ne, ya nemi hana hasumiya da kiran salla da niƙabi. Cikin waɗannan Musulmi akwai 'yan'uwanmu daga Gana da Nijar da Nijeriya da Togo da ke Hambog da sauran birane, masu aikin ɗakunan ajiyar kaya da kula da tsofaffi da tuƙi, da 'ya'yansu da aka haifa a can waɗanda Jamusanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Kafin doka ta sauya, iska ke fara sauyawa: kallon da ake yi wa mai ɗankwali a jirgin ƙasa, mai gidan haya da ke ajiye waya da ya ji suna. A Hanau, ranar 19 ga Fabrairu 2020, wani mai ƙyamar baƙi ya harbe mutum tara. Ba ɗan AfD ba ne, amma kalaman da ke mayar da maƙwabci abokin gaba ba sa tsayawa a zauren majalisa.

Na biyu su ne masu zaɓenta. Ƙasar tana tsufa, masana harkar ƙwadago na ƙiyasin tana buƙatar ƙarin baƙi kusan 400,000 a shekara don kada ma'aikata su ragu. Likitoci 'yan Siriya sama da 5,000 ke aiki a ƙasar, ƙananan asibitocin gabas kuma na cikin waɗanda suka fi dogara da likitoci baƙi. Manufar AfD ta ficewa daga Yuro barazana ce ga ma'aikacin masana'antar da ke rayuwa da sayar da kaya waje, soke harajin gado kuma mai dukiya zai amfana, ba ɗan fansho na Turingiya ba.

Har Agadas abin ya taɓa isowa. A 2016, shekarar da AfD ke ta kutsawa majalisun jihohi, Merkel ta sauka Yamai wurin Shugaba Mahamadou Issoufou, Turai ta zuba kuɗi, aka fara aiwatar da dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure da ƙarfi. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, garin da ya rayu da fataucin sahara ya shiga ƙunci, masu tafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya. Sai a Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar. Tsoron ƙuri'a a Balin da Roma yana iya zama sanadin rasa abincin mai Hilux a Agadas.

Inda za a sa ido

Ba a Balin za a fara ganin amsar tambayarmu ba, a jiha ne. A ƙarshen 2025 ƙuri'un jin ra'ayi sun ba AfD kusan kashi 40 a Saksoni-Anhalt. Dokar kashi 5 da aka kafa don tare 'yan gefe tana iya juyowa ta yi mata aiki: in ƙananan jam'iyyu biyu ko uku suka faɗi ƙasa da layin, ƙuri'unsu sun tafi a banza, kashi 42 ko 43 na iya zama rinjayen kujeru ba tare da an nemi kowa ba. A nan katangar hana gobara ba ta da amfani, don ba a buƙatar maƙwabci.

Gwamnatin jiha a Jamus ba ƙaramin abu ba ce. 'Yan sanda a hannunta suke, da makarantu da manhajar karatu, da ofisoshin baƙi masu sabunta izinin zama da aiwatar da kora, da reshen hukumar leƙen asirin da a yanzu ke sa wa AfD ɗin ido. A wasu jihohi firimiya na iya janye jiharsa daga yarjejeniyar gidan rediyo da talabijin na gwamnati, Höcke kuma ya riga ya ce zai yi hakan in ya samu dama. A Janairun 1930, shekara uku kafin Hitila ya hau, jam'iyyun riƙau na Turingiya suka shigo da 'yan Nazi gwamnatin jiha karo na farko a tarihin ƙasar. Ministan da suka ba su, Wilhelm Frick, ma'aikatu biyu ya karɓa: ta cikin gida mai kula da 'yan sanda, da ta ilimi.